Jan Ɗigon da Ya Kauce

"Umma, kada ki motsa," in ji Wisam. "Don Allah ko hannu kada ki ɗaga."

Mahaifiyarsa tana zaune a gaban tanderu, curin ƙullun gurasa a tafinta. Gwiwoyinta sun daɗe da daina ɗaukarta ba sanda. Tsakaninta da shi ga mahaukacin baƙin karen nan da ya ciji tumaki biyu a gonakin lemun garinsu Ba'aƙuba jiya, kansa a sunkuye, yawu na dalala daga bakinsa. Ita yake kallo.

Wisam ya ɗaga ƙaramar bindigarsa da hannu biyu. Makon jiya ya sa mata gilashin saiti, irin mai jan ɗigo a tsakiya. A kasuwa ya saya, mai rumfar ya ɗaura masa a tsaye yana cewa ko makaho ya samu wannan sai ya kakkaɓo tsuntsu. Bai taɓa gwada shi ba.

Ya ɗora ɗigon a haƙarƙarin karen. Ya riƙe numfashi, ya ja kunama.

Bakin tanderun ya tarwatse. Ɓaraguzan yumɓu suka zubo wa tsohuwar a kan mayafi. Tsakanin inda harsashin ya shiga da kunnenta bai kai taƙi ɗaya ba.

Wisam ya sauke bindigar. Ya taɓa gilashin da babban yatsa, ya ji yana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa fita. Notin da ke riƙe da shi ya kwance. Idan ya sake harbi, Allah kaɗai ya san inda harsashin zai dosa.

Karen ya zabura, ya sake juyawa wajenta.

Wisam ya tuɓe takalminsa ya jefi karen da shi.

"Kai! Zo nan, ɗan banza! Ga ni nan!"

Karen ya taho a guje. Wisam ya tare shi da hannun hagu, ya ji haƙora sun nutse masa har ƙashi. Sai da bakin bindigar ya taɓa gashin wuyan karen sannan ya harba.

Maƙwabcinsu Abu Dirgam ne ya kai su asibiti a motarsa ta ɗaukar lemu. Tsohuwar ta ƙi zama a gida. Ana wanke masa ciwon, ana shirya allura. Da ya rufe ido sai ya ga yumɓun nan yana fashewa.

"Ɗanki ya yi sa'a, Hajiya," in ji wata nas.

"Wace irin sa'a, 'yata? Dabara ce." Ta gyara zama a kan benci. "Ya ga karen ya yi kusa da ni, sai ya harbi tanderu don ya razana shi. Dab da kunnena, wallahi! Wa zai iya wannan in ba shi ba? Haka babansa yake, hannunsa ba ya kuskure."

Abu Dirgam ya dubi Wisam. Wisam ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya kalli ƙurar yumɓun da har yanzu ke kan girarta, ya rufe.

"Amma tanderu kai za ka gina mini," ta ce.

"Zan gina, Umma."