Zulkifilu da Fitilar Baƙi

Me ke sa mutum ya manta nasihar da aka yi masa sau ɗari, amma ya riƙe abin da ya gani a talabijin yana yaro? Abin da ya sami Zulkifilu ke nan.

Maɗinki ne a Ƙofar Dundaye, gwanin aikin wuyan babbar riga. Suna yara, gidan wani malamin makaranta Kirista ne kaɗai ke da talabijin a layinsu, kuma ɗan malamin, Irmiya, abokinsa ne. A nan suka kalli wani shirin Turawa mai kashi-kashi. Wasu halittu ne suka sauko daga sama da fara'a da magani kyauta. Sai su haska wa mutum fitila a ido, ya koma gida da fuskarsa da muryarsa, amma ba shi ba ne. Yaran unguwa suka kwana biyu suna haska juna da tocila, suka manta. Zulkifilu bai taɓa cewa shirin gaskiya ne ba. Ɗabi'a dai ta zauna masa: alherin da bai san dalilinsa ba, ba ya karɓa.

Da girma ya kama shi, sai yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. A damina sai ga wasu likitoci baƙi sun sauka a wani asibiti wajen Sama Road, suna cire yana kyauta, ran Alhamis za su gama su tashi. Irmiya ya zo shago da babur.

"Tashi mu tahi, Zulki."

"Mi suka haɗa da mu da za su baro ƙasarsu don idona?"

"Lada suka nema, ko suna. Ina ruwanka? Ko har yanzu mutanen sama ne?"

"Ban ce ba."

"Ni a gidanmu talabijin ɗin yake, ga shi har haƙori an cire mini. Ka ga na canza?"

"Ka ƙara surutu."

Irmiya ya yi dariya, ya tafi shi kaɗai.

Ran Laraba da hantsi Alhaji Gazali ya zo karɓar rigarsa. Ya shimfiɗa ta, ya ce hannun Malam sai ƙara kyau yake yi. Zulkifilu ya shafa aikin kamar yadda ya saba, ya juya bayan wuyan. Shi ba ya ƙulla zare, cusa bakinsa yake yi cikin ɗinki ya ɓace. A nan kuwa yatsansa ya ci karo da ƙananan ƙulli a jere, irin na masu ɗinkin hula. Ya naɗe rigar ya miƙa, ya amsa yabon da godiya.

Duk rigar da ya gama, gida yake kai ta matarsa Nuriyya ta goge. Ita kuwa hula take ɗinkawa tun tana budurwa. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Tun yaushe kike warware mini aiki?"

Ba ta ɗago ba. "Tun azumi, Malam. Inda ya karkace kawai."

"Da yawa?"

"Yanzu kusan duka."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa, sai ka zauna kana tunanin abin da nake nema."

Ya zauna a kan turmi. Ya juya maganar ta kowace fuska, kamar yadda ya saba. Ta yaudare shi, wannan haka ne. Shi ma ɗazu ya karɓi yabon aikin da ba nasa ba, kuma da saninsa. Idan ya hana ta, rigunan mutane za su fita a karkace da sunansa. Idan ya bar ta, kullum sai ya maimaita abin da ya yi wa Alhaji Gazali. Bai sami hanya ta uku ba sai wadda ya ƙi: zuwa wurin baƙin likitocin.

Washegari Irmiya ya ɗauke shi, bai yi masa tsiya ko ɗaya ba a hanya. Suka bi layi har rana ta take. Likitar wata doguwar mace ce mai fara'a, ba ta jin Hausa. Ta ɗaga 'yar fitila, ta yi magana, tafinta ya ce, "Baba, buɗe ido, ka dubi hasken."

Zulkifilu ya damƙe gefen kujera, ya yi bismilla, ya buɗe.