Lauwali da M. Lawal

Shekara biyu ina gyaran rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a wani ɗan kamfani a Kazaure. Aiki ta waya yake zuwa mana. Akwai manhajar da ofis ke raba shi a ciki: gari, rijiya, sai sunan wanda zai je. Nawa sunan a can Lauwali, yadda kowa ke kirana tun ina yaro a Roni.

Mako uku da suka wuce na buɗe aikin Gwiwa, na ga sunaye biyu. Lauwali, a ƙasansa M. Lawal.

Ban san shi ba. Kuma a makon ne shugabanmu, Oga Falalu, ya tara mu ya ce za a rage mutane. Sai na haɗa biyun. An ɗauko wani, an liƙa shi a aikina ya koyi hannu, in ya iya a sallame ni.

Na isa Gwiwa, na zauna a gindin tanki ina jiransa. Har azahar bai zo ba. Fito da injin jan ruwa daga rijiya aikin mutum biyu ne, amma na ɗaure igiya a jikin ƙarfen tanki, na ja shi ni kaɗai, bututu bayan bututu. Tafin hannuna ya sale. A Babura ma haka aka yi, a Achilafiya ma haka. Sunansa na nan, shi babu.

Na tambayi Kawu direba. Ya ce bai taɓa ɗaukar mai wannan suna ba, wataƙila ɗan wani babba ne da ba ya shiga rana. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na fara zargin ko ana aiko shi ya tsaya nesa yana kallona. A Roni har na bi wani mai farar hula da ya daɗe kusa da tanki, ashe jiran ruwa yake.

Ranar Talata na shiga ofis wajen Rahamatu, sabuwar mai raba aiki. Ta ce aikin inji dole mutum biyu, shi ya sa take haɗa mu. Ta ce M. Lawal ɗin ma yana cikin waɗanda za a sallama, ko sau ɗaya bai danna a manhaja cewa ya isa wurin aiki ba. Kai kuma, in ji ta, ba ka da fayil a nan.

Na ce ta nuna min nasa. Ta jawo. Takardar gama sakandarena ce a sama, da hotona ina ɗan shekara sha takwas. Muhammadu Lawal Sabiru.

"Malama, ai ni ne wannan."

"Kai ba Lauwali ba ne?"

"Lauwalin ai Lawal ne."

Ta rufe baki da hannu. Da ta kama aiki ta shigar da kowa cikin manhaja daga fayil, ta tarar da Lauwali a ciki tun da, ta zaci mutum biyu ne. A Kaduna ta tashi, ba ta san ana ce wa Lawal Lauwali ba.

Muka shiga wajen Oga tare. Ya saurara, ya duba hoton, ya dube ni. Ya ce a haɗe sunayen, ba za a sallame ni ba. Na yi godiya, har na miƙe.

"Dakata. Wato injin nan uku kai kaɗai ka fito da su?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe."

Ya juya ya ce wa Rahamatu daga yau aikin inji suna ɗaya ya isa.

Shi da hannunsa ya karɓi takardar sakandaren nan mai cikakken sunana ranar da ya ɗauke ni aiki. Kullum da safe kuma yana duba jerin aiki. A kan babur ina ta juya wannan har Roni.