Ranar da Aka Hana Mudi Faifai

Saudatu ce ke kula da kwamfutoci bakwai na buron wata ƙungiyar makiyaya a Gidan Rumji. Duk a haɗe suke cikin rezo guda, wato layin sadarwa ɗaya, kowa da sunansa da lambar sirrinsa, ita kuma ke ba kowa izinin abin da zai iya taɓawa. A babbar kwamfutar akwai jerin da aka haɗa lokacin allurar dabbobi: sunan kowane mai garke, rugarsa, da yawan shanunsa. Makiyayan ba su so bayarwa ba. Sai da Saudatu ta durƙusa gaban Arɗo Jaye, dattijonsu na wajen Cadakori, ta yi masa alkawarin jerin ba zai fita daga buro ba.

Wata Litinin tana duba abin da aka yi a rezo, sai ta ga an ɗora jerin a faifan sede, wato CD, har sau uku cikin wata guda. Duka ukun da sunan Mudi, mai kula da kayan buro, ƙanin matar shugaban ƙungiyar. Babu abin da ya haɗa aikinsa da jerin. A watan nan kuma ɓarayi sun kore shanu a rugage biyu, duka manyan garkuna.

Ba ta san inda faifan suka tafi ba, amma ba ta tsaya jira ba. Ta cire wa Mudi izinin buɗe jerin, ta kuma hana sunansa ɗora komai a faifai. Ta bar wa Dija sakatariya nata, tunda ita ke aika rahoto Maraɗi.

Kafin azahar aka ce shugaba, Alhaji Ɗanbaba, na kiranta. Ta tarar da Mudi a tsaye da faifai a hannu.

"Ɗiyata, mi kinka yi ma kwamfutar Mudi?"

"Ban taɓa ta ba, Alhaji. Sunanshi na rufe. Ko gaban wacce ya zauna, ba ta ɗora mishi faifai."

"Wa'azi fa nike ɗorawa," in ji Mudi.

Ta ajiye takardar da ta buga a kan tebur: ranaku uku, sunan jerin, sunan Mudi. Alhaji ya karanta har sau biyu. Mudi ya fara in-ina, ya ce wani mai sai da maganin dabbobi ne ya roƙe shi, don ya san inda zai kai kaya.

"Wa ke nan? Ina shagonshi?" Saudatu ta tambaya.



Alhaji ya ninke takardar. "Wagga magana ta gida ce, ni zan ji da ita. Je ki buɗe mishi, kar mutane su fara tambaya."

"Ba ni buɗewa, Alhaji."

"Ni nika ba ki umurni."

"To ka rubuta, ka sa hannu, in kai ma kwamitin ƙungiya. Da baki kam ba ni buɗewa."

"Sai in kawo wani daga Maraɗi ya amshi aikin."

"Kawo shi. Gaban kwamiti zan ba shi lambar sirri, in faɗi dalili."

Ta fito ta koma kan aikinta. Ba ta kuwa buɗe ba. Kwana uku Mudi na wuce ta ba gaisuwa, matar Alhaji ta aiko mata saƙo mai zafi, ita kuwa tana zuwa aikinta.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Alhaji bai sa maganar cikin abin da za a tattauna ba, sai Saudatu ta miƙe ba tare da an ba ta dama ba, ta karanta takardar. Arɗo Jaye, da ke cikin kwamitin, ya sa aka maimaita masa da Fulatanci don kar wani abu ya wuce shi. Sannan ya ce shi da mutanensa ba su sake kawo ko akuya allura in ba a kai maganar gun jandarma ba.

Aka kai. Jandarma suka tsare Mudi kwana biyu, suka nemi mai maganin ba su same shi ba. Ba a taɓa tabbatar da ko faifan sun isa hannun ɓarayi ba. Kwamiti dai ya sallami Mudi.

Ƙarshen shekara Alhaji ya ƙi sabunta wa Saudatu kwangilarta. Ba ta roƙe shi ba. Ta miƙa aikin ga Sufyanu, wanda aka turo daga Maraɗi, ta nuna masa komai, ta koma Agiye wajen iyayenta. Bayan wata huɗu ta samu aiki a wata lakol, makaranta mai kwamfuta ashirin.