Allon Kawuna Goma Sha Biyu

Mai aski ya kai rabin kan tsohon malamin makaranta ke nan ya ji kukan ƙusa tana barin katako. Ya kashe inji, ya fito da shi a hannu. Babban ɗansa ne a kan tsani yana ɓamɓare allon da ke saman ƙofar shagon, wata mata mai tabarau kuma tana tsaye a ƙasa tana ce masa ya bi a hankali.

"Sauko," in ji mai aski.

Ɗan bai sauko ba. Daga can sama ya yi bayani, da irin muryar da 'ya'ya ke yi wa iyaye magana idan sun fara ɗaukarsu marasa lafiya. Matar daga gidan baje kolin zane-zane take. Suna tattara tsofaffin allunan masu sana'a kafin su ƙare, ta hango wannan ta tagar mota, ta nemi mai shi, aka haɗa ta da shi ɗan. A madadinsa za a kafa sabo mai fitila, wanda za a riƙa gani tun daga mahaɗar titi. Ya ɓoye maganar ne don ya ba Baba mamaki.

"Ka ba ni. Sauko da shi, ka jingina shi nan."

Shekarar allon talatin da ɗaya a wurin. Kawuna goma sha biyu ne a jeri biyu, kowanne da lambarsa da irin askinsa, duk sun juya hagu, a kan wani shuɗi da rana ta tsotse har ya kusa zama toka. Matar ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, ta yabi allon da kalmomi masu tsawo, sannan ta miƙa masa katin da za a manna a gefensa ranar baje koli. Ya karanta sau biyu. Layin ƙarshe cewa ya yi: Mai zane, ba a san shi ba.

Ta ce ta duba gaba da baya, babu sa hannu.

"'Yata, ke ce ba ki san shi ba. Ni ma ban san kakanki ba, amma ban buga kati na ce ba ki da kaka ba."

Bahago ne ya zana shi. Kafin injin buga takarda ya zo ya mai da kowane shago ƙanin ɗan'uwansa, rabin allunan titin nan nasa ne: na mai gyaran agogo, na mai ɗinki, na mai sayar da magani. Bai taɓa sayen fenti ba. Mai aiki ke kawo ragowar da ke gidansa, Bahago ya leƙa gwangwani ya ga abin da zai fita.

Tsohon malamin ya fito da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa fes, rabi daji. Mutum ne da ya karanta littattafai da yawa kuma bai yafe wa kowa wannan wahalar ba. Ya ce a bar son zuciya. Shi gwaninsa wani Bature ne da ya mutu shekaru ɗaruruwa, wanda ya taɓa ganin aikinsa a kalanda, mutumin da ke zana haske har ka ji ɗuminsa a fatarka. Irin waɗannan sai sun shekara bakwai suna nazarin ƙashin mutum kafin su taɓa buroshi. Bahago kuwa wuyan mutanensa kamar na raƙumin dawa, kuma duk sun kalli hagu ne don hannunsa bai iya juya fuska dama ba.

Mai aski ya nuna lamba biyar da injin da ke hannunsa, ya tambaye shi wane ne wannan. Malamin ya ce ai marigayi direban bas ne, kowa ya sani. Lamba tara fa? Tela mai in'ina. Ya tambaye shi yadda aka yi ya gane su, alhali rana ta cinye idanu da hanci tun tuni. 

"Ƙeya," in ji mai aski. "Fuska kowa na shirya tasa kafin ya fito daga gida. Ƙeya kuwa mutum bai taɓa ganin tasa ba, shi ya sa ba ta koyi ƙarya ba. Shekara arba'in ina tsaye a bayan mutane. Mai zane ɗaya ne a duniya ya ga abin da nake gani."

Ɗan bai yi gardama ba. Ya sa farce a gefen allon, ya ɗan kankara, shuɗin ya zubo kamar ɓawon gyambo. Ya ce damina biyu ta rage wa katakon nan, ko uku idan an yi sa'a. Can kuwa akwai gilashi da na'urar sanyi. In Baba na son allon, ya bar shi ya tafi inda zai rayu.

Gaskiya ce, kuma gaskiya ba ta taɓa ɗaci kamar idan ta fito daga bakin wanda ka koya wa sa wando ba. Matar ta ƙara da cewa in mai zanen na raye, a kawo mata sunansa ta gyara kati. Motarsu za ta dawo ƙarfe huɗu.

Mai aski ya zare ƙyallen daga wuyan malamin, ya karkaɗe, ya naɗe allon da shi, ya ɗauka.

"Kaina fa?" in ji malamin.

"Shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane da rabin kai. Wuni ɗaya ba zai kashe ka ba."

A tasha kwandasta ya ce kayan nan mutum biyu ne. Mai aski ya ce goma sha biyu ne, kuma duk sun fi na cikin motar ladabi. Aka yi dariya, aka matsa masa. Ya zauna a kujerar baya da allon tsaye a kan gwiwoyinsa, ba ya ganin titi, ba ya ganin kowa. Ƙyallen ya zame a kusurwa ɗaya, inda inuwar rufin ƙofa ta kare fentin duk shekarun nan. A nan shuɗin yana nan yadda yake ranar farko.

Matarsa ce ta zaɓe shi, shekarar da suka samu ɗaki nasu na kansu. Ta zaga shaguna huɗu kafin ta yarda da shi, ta shafa wa ɗakin da hannunta, ragowar rabin gwangwani ta kai wa Bahago. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Wata uku bayan nan, yana shago, matar ɗansa ta sa aka shafe ɗakin da fenti ruwan madara, wai don ya daina tuna baya. Shi ma don a ba shi mamaki aka yi. Tun daga ranar bai ƙara yarda da wani alheri da aka shirya a bayan idonsa ba.

Bahago yana zaune wajen 'yarsa a ƙarshen gari, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Ya same shi a baranda kan kujerar roba, hannun hagu kwance a cinya kamar wanda aka ba shi ajiya. Shanyewar ɓarin jiki, da ta tashi zuwa, ta san ɓangaren da za ta ɗauka.

"Mahauci," in ji Bahago da rabin baki. "Har yanzu kana yanka kunnuwan bayin Allah?"

Suka gaisa, aka tambayi jiki, 'yar ta kawo ruwa. Mai aski ya kwance ƙyallen, ya ba shi labarin matar da katinta. Ya zata tsohon zai fusata. Bahago ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a ba ta. Aikin wuni ɗaya ne, da yunwa ya yi shi, kunnen lamba huɗu ma a wuya ya dasa shi. Yana da alluna ashirin da suka fi wannan, duk an hura wuta da su. Kuma tun ranar ya gaya wa marigayiya fentin ɗaki ne, ba zai jure rana ba. Ta riƙe ƙugu ta ce shuɗin nan ko a fasa allo.

"Ba zanena kake gadi ba, Mahauci. Ni da kai mun sani."

Mai aski ya shanye ruwan, ya ajiye kofin. Ya ce shi ba hira ta kawo shi ba, sa hannu ya zo karɓa. Bahago ya ce hannun da ya yi aikin ya riga shi tafiya, na daman nan kuwa ban da kai loma baki bai taɓa tsinana masa komai ba. Fenti ma babu, 'yarsa ta zubar da gwangwanayen tun bara.

"Yaushe ka fara sayen fenti? Abin da ke gida ake kawo maka."

'Yar ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar jan farce. Bahago ya zagi mai aski, ya zagi kwalbar, ya karɓi ɗan buroshin da hannun dama. Mai aski ya riƙe masa allon. Kusan kwata ɗin awa aka yi kafin haruffan su cika, karkatattu, kamar sawun kazar da ta taka jini, a ƙasan lamba goma sha biyu. Da ya gama gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce to, yanzu a kai mata.

"Da naka ne, da sai ka bayar," in ji mai aski. "Ba naka ba ne. Ka rabu da shi tun shekara talatin da ɗaya."

Huɗu ta ɗan gota ya iso. Motar na tsaye, sabon allo mai fitila na jingine da bango cikin leda, ɗansa na duba agogo. Malamin na kan benci da hula har kunne. Mai aski ya nuna wa matar jan rubutun, ya jira ta kwafe shi harafi bayan harafi, ya sa ta karanta da ƙarfi. Ta yi godiya, ta miƙo hannu biyu. Ya raɓa ta gefenta ya shige shago.

Ya ɗauki guduma da ƙusoshin da ɗan ya zare da safe, ya miƙe su a kan dandamali, ya hau benci. A bangon ciki ya kafa shi, daidai gaban madubi. Ɗan ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa Baba, Baba. Mai aski ya ce a iya saninsa ba a ruwan sama a cikin shago, rana ma sai da sallama take shigowa. Mai fitilar kuma a kafa shi a waje, ya dace da masu son a gan su daga nesa.

Matar ta ce, cikin ladabi, can mutum dubu za su gan shi.

"Ƙarfe takwas nake buɗewa. Ki turo su. Kallo kyauta ne, sai dai mai son gani da kyau ya zauna a kujera."

Ta tsaya jim, ta ɗauki hoto biyu, ta ce za ta dawo. Bai tambaye ta yaushe ba. Motar ta tashi. A waje ɗan ya fara yage ledar sabon allon shi kaɗai.

Malamin ya cire hula, ya zauna, aka ɗaura masa ƙyallen da ƙurar bas a jiki. Ya ɗaga ido ya kalli madubi. Ga rabin kansa, ga mai aski a bayansa, ga kawuna goma sha biyu a kan shuɗi a saman su biyun. Ya daɗe yana kallo.

"Ka ga," ya ce, "yanzu duk sun juya dama."

Mai aski ya kunna inji, ya sa yatsu biyu a ƙeyarsa.

"Sunkuya."