Jinkar Rumbun Kamaruddeen

Ruwan marka ya rushe ɗakin Kamaruddeen, ga matarsa Rumaisa cikinta ya tsufa. Suka koma kwana a zaure. Ungozoma ta ce haihuwar nan a asibiti za a yi ta, kuma hanyar ƙauyensu ta zama laka. Don haka ya tafi Minjibir neman ɗakin haya kusa da asibiti, ya samu a gidan Alhaji Abdulkabir, dillalin hatsi.

Suka daidaita, Kamaruddeen ya miƙa kuɗin haya. Alhaji bai karɓa ba.

"Wannan na yau ne. Gobe fa? A birni yanzu sai ka nuna takardar banki kafin a ba ka mukulli."

"Alhaji, ni ina na ga banki?"

"Kana da rumbu ai. Zan zo in gani."

Kamaruddeen ya ɗauka wasa ne. Washegari sai ga Alhaji a kan babur, ya tattare babbar riga, laka har gwiwa. Maƙwabta suka fito kallo.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san rumbu cikin mutum ne. Ba a leƙa shi, balle da marka, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya, sabo bai nuna ba. In aka ga ya cika, mai shi ba zai sake barci ba don masu neman rance. In aka ga wayam, ya gama magana a cikin maza. Alhaji ya san haka sarai. Ƙarfin mai gida ne kawai ya ɗebe shi.

"Ɗauko tsani ka ɗage jinkar, Malam Kamaru. Leƙawa ɗaya, ka karɓi mukulli."

Kamaruddeen ya dubi zauren da matarsa take kwance. Ya je ya ɗauko tsanin, ya jingina shi da rumbu. Ya taka matakin farko.

"Malam, sauko."

Rumaisa ce ta fito, tana dafe da bango.

"Ina wuni, Alhaji. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin cikin rumbun nan ba. Abin da ya auno mini shi nake dakawa. Kai da ba ka ci tuwon gidan ba, kai za ka riga ni?"

"Baiwar Allah, don lafiyarki ake yi."

"To na yafe."

Wani tsoho ya yi dariya. "Alhaji, mu ma in mun zo sayen dawa, ka buɗe mana sitonka mu leƙa!"

Kamaruddeen ya sauko, ya kwantar da tsanin a ƙasa.

"Haƙƙinka kuɗin haya ne, ga shi. In shaida kake so, ga mai unguwa, ga liman. Amma ɗaki na zo haya, ban zo jinginar da asirina ba."

"Sai ka nemi wani gidan."

"Allah ya kiyaye hanya."

Babur ya tashi. Rumaisa ta zauna a kan turmi tana mai da numfashi.

"In naƙuda ta zo fa?" in ji mijin, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka gyara amalanke, ka ƙoshar da shanun. Minjibir ba Makka ba ce."

Da la'asar Kamaruddeen ya tafi duba tayoyin amalanke. Jinkar tana nan inda take.