Hawan Jinin Kyaftin

"Sake aunawa, Likita," in ji Kyaftin. "Wannan na'urar taka ta tsufa, ƙarya take yi."

Na sake ɗaura masa a damtse. Ɗari da tamanin da biyar a kan ɗari da goma. Muna bayan kantar kemis ɗina, ya zauna a kan kwalin auduga, ya naɗe hannun farar rigarsa ta aiki. Ni ba likita ba ne, tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya ya buɗe kemis, amma shi ya liƙa mini sunan tun ranar da ya tare a gidan da ke kallon nawa, shekara tara ke nan.

"Na'ura ba ta ƙarya, Kyaftin. Ka je asibiti."

"In je su rubuta a takarda, takarda ta kai hannun likitan kamfani? So kake in dawo nan ina taya ka korar ƙuda?"

Jirgi mai saukar ungulu yake tuƙawa. Kamfaninsu na kafa turakun lantarki a kan duwatsun da mota ba ta hawa, shi ke kai ma'aikata ya kwaso su, shida shida. Duk wata shida likitan kamfani yana auna matuƙa, wanda ya faɗi awon kuwa an raba shi da sama ke nan. Shi ya sa idan awo ya matso sai Kyaftin ya daina cin gishiri, ya riƙa shan ƙwayoyin da nake ba shi kamar mutumin kirki. Da ya ci awon sai ya watsar, wai suna sa shi jiri.

Mutum ne da ba a gajiya da hirarsa. Yakan ce jirgi mai fukafukai da kansa yake son tashi, nasu kuwa lallaɓa shi ake yi kamar jariri mai rigima. "Hannu biyu, ƙafa biyu, duk suna aiki. Ko hancinka ya yi ƙaiƙayi sai dai ka ba shi haƙuri."

Ran nan dai ban yi dariya ba, domin ya fara dafe ƙirji yana cewa ƙwannafi ne.

"Rai shida kake ɗauka," na ce. "In abin ya same ka a sama fa?"

"Sai in sauka mana. Amfanin ungulu ke nan, ko a kan tabarma ta dira." Ya warware hannun rigarsa, ya ɓalla maɓalli. "Don Allah kada maman yara ta ji. Ka san ta, gobe da safe za ta tsaya a ofishinmu."

Na yi masa alkawari, kuma har yau ina jin haushin bakina. Lambar likitan kamfanin tana wayata. Sau biyu ina dannawa in kashe kafin ta shiga. In na faɗa, na yanke wa maƙwabcina hanyar abinci, na raba shi da abu ɗaya da yake so a duniya. In na yi shiru, ga mutum shida da ban ma san fuskarsu ba. Gaba kura, baya sayaki, ni kuwa na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi.

Wata Talata da safe ina share gaban kemis ya fito da jakarsa. Fuskarsa ta yi fari-fari, yana murza hannun hagu.

"Ba ni maganin ƙwannafin nan, Likita."

"Ka huta yau. Ka ce musu zazzaɓi ne."

"Yau ake sauya ma'aikata. Sati uku suna kan dutse, matansu na zuba ido." Ya tauna ƙwaya biyu, ya yamutsa fuska. "Da yamma ka auna ni. In ya hau, na yarda, mu tafi asibitin naka."

Wajen ƙarfe uku motar kamfani ta tsaya a ƙofar gidansa. Ihun matarsa ya riga kowa sanar da layi.

Injiniyan da ke kula da jirgin ne ya ba ni labari washegari, muna zaune a kan benci cikin masu gaisuwa. Ya ce Kyaftin ya dawo da mutum shidansa, ya dira a kan alamar sauka daidai, ko girgiza babu. Ya kashe inji, fanka ta yi ta juyawa har ta tsaya.

"To ka san dokarmu, Baba," in ji shi. "Ba mai matsawa kusa da jirgi, ba mai buɗe ƙofa, sai matuƙi ya ɗaga babban yatsa. Kyaftin kuwa ba ya wasa da wannan. Ya taɓa sa an dakatar da wani sati biyu a kanta. Muka tsaya a bayan layi muna jira. Mun hango kansa a sunkuye, muka ɗauka littafin tafiya yake cikewa, don haka ya saba. Su ma na baya suna ɗaure da bel, suna hirar gida."

"Minti nawa?"

"Zai kai bakwai." Ya share ido da bayan hannu. "Da mun san yana da wani ciwo, wa zai tsaya jiran yatsa? Akwai na'urar farfaɗo da zuciya a rataye a bango, taku ashirin. Amma mutumin da ya ci awon likita wata biyu da suka wuce?"

Shekara talatin na yi a asibiti, na san abin da ake yi da minti bakwai. Na tashi kamar zan kama ruwa, na je na kulle kaina a kemis.

Sai da aka yi kwana goma, ƙafa ta ɗauke, sannan na tsallaka titi da niyyar faɗa wa matar Kyaftin komai. Na same ta a tsakar gida tana kwashe shanya. Ta rame, idanun sun faɗa.

"Sannu da zuwa, Likita. Zauna mana."

"Maman yara, akwai maganar da..."

"Ni ma ina son ganinka," ta ce. "Yaran nan sun dame ni da tambaya, wai ko Baba yana ciwo ne ya ɓoye mana. Na ce musu ina! Mutumin da kullum yana wurin Likita? Da akwai wani abu ai da shi ne zai fara sani, kuma da ya gaya mini." Ta dube ni. "Ko ba haka ba?"

Iska ta taso, zanen gadon da ke hannunta ya nemi ya ja ƙasa. Ta miƙo mini gefe ɗaya, na kama. Muka ja baya har ya miƙe, muka ninka, sannan ta tako zuwa gare ni ta haɗa bakinsa da na hannuna, tana jira.