Baƙuwa a Rugar Turai

Makarantar da Bushira ke aiki a Leeds, inda take kula da ƙananan yara, ba ta ba da hutu da salla. Da Kirsimeti take rufewa. Shi ya sa zuwanta gida na farko tun da ta tafi ya faɗo a ƙarshen Disamba, lokacin da kujerar jirgi ta fi wuyar samu.

Abu ɗaya ne ya kawo ta. Ɗanta na fari, Khalifa, yana hannun surukarta Turai tun ranar da aka kai shi yaye. So take a ba ta shi ya kwana a ɗakinta a Tiga kafin hutun ya ƙare.

Jirgin farko ya tashi a makare saboda ƙanƙara, ya sauka Alƙahira bayan na Kano ya tafi. Na gaba a cike yake, na bayansa ma haka. Ma'aikacin da ke bayan kanta ya ce mata lokacin ne, kowa gida zai je. Aka sa sunanta cikin masu jira.

A kujerun jira ta haɗu da Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Saminaka, wadda ita ma aka bari. Rifkatu ta nuna mata hotunan 'ya'yanta a waya, kowane da sunansa da ajinsa da irin rigimarsa. Sannan ta tambayi sunan na Bushira. Bushira ta ce yaron yana wajen kakarsa.

"Sunansa na tambaya, 'yar Fillo. Har a Masar ma kunyar ɗan fari? Wa zai ji ki a nan?"

Bushira ta ce ba don kowa ba ne, bakin ne bai saba ba.

Kafin su samu kujera, kusan rabin hutunta ya tafi.

Mijinta Mas'ud, ma'aikacin gidan ruwa na Tiga, ya tarye ta a Kano. Sai da suka wuce Kura ya gaya mata halin da ake ciki. Turai ba ta Ƙofa, inda rugarta ta saba zama. Shanu sun cinye karan gonaki, ruga ta tashi zuwa wajen Doguwa. Dabarar da suka shirya a waya ita ce yayarsa Lubabatu ta ari yaron da sunan zai taya ta zama, sannan ta kawo shi Tiga. Gwaggo tana iya neman ɗan fari. Uwa da uba ba sa nema. Lubabatu ta jira, ta jira, sai 'yarta ta haihu a Toro, ta tafi wankan jego. Inda rugar take yanzu waya ba ta shiga.

Washegari suka ɗauki hanyar Tudun Wada, suka ratsa dajin Falgore. Inda kwalta ta ƙare musu suka ajiye motar, suka hau babura.

Turai ta karɓe su a gindin ƙirya, matan ruga kewaye da ita. Aka yi gaisuwa mai tsawo: hanya, gajiya, sanyi, shanu, mutanen Turai, abin da ya sa matan dariya don sunan tsohuwar ke nan. Aka dama fura. Bushira ta ajiye tsaraba a gaban surukarta ba tare da ta ce wannan na wane ne ba. Takalman yaron da rigunan sanyinsa suna ƙarƙashin atamfofi.

Sai Turai ta ɗaga murya wajen garken maruƙa.

"Maigidana, zo ka gai da baƙuwa. Ko kishi kake don ta fi ni kyau?"

Bushira ta ji takunsa. Ta kawar da kai gefe, kamar yadda uwarta ta yi wa yayanta, kamar yadda duk matan da ke wurin suke jira su ga ta yi. Ta gefen mayafi ta ga ƙafafu biyu masu kaushi cikin takalmin roba. Ya durƙusa ya ce ina wuni. Ta amsa wa tabarma. Wata tsohuwa ta ce wa ta kusa da ita, a fili, ƙasar Turawa ba ta ɓata yarinyar nan ba.

Yaron ya tsaya kaɗan. Da ba wanda ya ƙara ce masa komai, ya koma wajen maruƙansa.

Bushira ta gwada ta nesa. Ta ce ta ji sanyin nan ya fi na Tiga, ga asibiti da nisa. Turai ta ce a bayanta yake kwana, kuma ko tari bai yi ba bana. Bushira ta dubi Mas'ud. Yana can gefen maza, yana tonon ƙasa da tsinke.

Da la'asar masu babura suka fara tayar da inji. Turai ta raka su bakin shinge, mata na biye. Ta riƙe hannun Bushira, ta dube ta sosai. Tsohuwar ba muguwa ba ce, kuma ba a ɓoye mata abu.

"'Yata, kin sha hanya. Akwai abin da kike so in yi miki?"

Mata shida ko bakwai suna tsaye suna saurare.

"Babu, Inna. Gaisuwa ce kawai."

Turai ta ɗan jira. Sannan ta sake hannun, ta sa mata albarka, ta ba ta man shanu a kwano.

Suka koma mota, suka fita daga daji. Mas'ud ya ce in Allah ya kai mu baɗi za su shirya da wuri, Lubabatu za ta kasance a gida.  Da suka kusa Tudun Wada Bushira ta tambaye shi ko yaron ya yi tsawo.

Mas'ud ya rage gudu saboda wata motar rake. Ya ce shi ma bai duba sosai ba.